Inda Kwalekwale Yake Dukan Mutum

Sai da aka tsaga cikin Moeroa sannan ta gano cewa da ciki mutum yake yin atishawa. Shekara arba'in da 'yan kai tana zaton aikin hanci ne. Ranar da ta yi ta farko a gadon asibiti a Auckland, bayan an yanke mata guntun hanjin da ya murɗe, sai da ta ga taurari da rana tsaka. Da zafin ya lafa, maimakon ta yi raki kamar kowa, sai ta kira nas ta tambaye ta me ya haɗa hanci da cibiya.

Haka take tun tana yarinya, ba a ajiye abu a gabanta ba ta juya shi ta ga bayansa ba. Yanzu kuwa ta samu abin juyawa da ba mai ƙwace mata. Ta koma gida tsibirin Rarotonga da tabo tun daga ƙasan ƙirji har ƙasan cibiya, miƙaƙƙe sar, sai dai ya ɗan kauce wa cibiyar ta hagu, ita kuma wannan kaucewar ta fi komai burge ta. Kullum sai ta gano wani sabon aikin da cikin nan yake yi a ɓoye ba a taɓa gode masa ba. Tashi daga gado, ciki. Ta da babur, ciki. Ɓare kwakwa kam ba a magana. Ranar Lahadi a coci ta ɗauko waƙa za ta haura sama yadda ta saba, muryar ta tsaya mata a rabin hanya, ta zauna tana mamaki maimakon ta ji kunya. Mijinta Tutai ya ce shi dai ya gaji da zama da mace mai ba shi labarin tumbinta safe da yamma.

Amma duk wannan bincike hanya ce kawai. Abin da take so guda ɗaya ne, kowa a ƙauyensu Ngatangiia ya sani: ta koma kujera ta uku a vaka, dogon kwalekwalen nan mai mutum shida, kafin gasar zagaye tsibiri ta watan Nuwamba. Kujera ta uku ta masu ƙashi ce, waɗanda ke jan jirgin da ƙarfi, kuma tata ce tun kafin ta yi aure. Ga shi yayarta Tuaine, wadda ke zama a kujerar ƙarshe tana riƙe da akalar jirgin, ta riga ta faɗa a gaban kowa cewa bana ce gasarta ta ƙarshe, kafaɗa ta ƙi. Tuaine ba ta faɗin magana ta janye. Idan Moeroa ba ta shiga bana ba, ta gama zagaya tsibirin nan da yayarta ke nan har abada.

Wadda aka haɗa ta da ita a asibitin kan tudu don ta koya mata motsa jiki sunanta Teremoana. 'Yar tsibirin ce, amma a Auckland ta girma, ƙwallon raga ta buga, ba ta taɓa riƙe filafilin tuƙa kwalekwale ba sai a hoto. Ta zaci za ta sha fama da mai taurin kai, sai ta samu mai tambaya, wanda ya fi gajiyarwa.

"Fatar ta warke, me kuma ake jira?" in ji Moeroa.

"Fata ai marufi ce, Mama Moe. A ƙarƙashinta akwai wani zane mai tauri da ya riƙe naman cikin dama da na hagu. Shi ma an yanka shi an ɗinke. Shi ne ba ya sauri."

"Idan ya ɓalle fa?"

"Hanji ya leƙo ta ƙarƙashin fata, ƙaba ke nan. Sai ki sake hawa jirgi zuwa wurin masu wuƙa."

"To ni da ba na ganinsa, ta yaya zan san yana jin jiki?"

Teremoana ta kwantar da ita rigingine, ta sa ta lanƙwashe gwiwoyi, ta ɗora mata yatsunta a kan tabon, ta ce ta ɗago kai. Moeroa ta ɗago. Sai ga wani dogon tudu ya taso a ƙarƙashin yatsunta, yana bin layin ɗinkin daga sama har ƙasa, kamar kunyar dankali.

"Kai! Wannan kuma waye?"

"Shi ne mai gaya miki gaskiya. Duk aikin da kika yi kika ji ya taso, aikin ya fi ƙarfinki tukuna. Sake ɗagowa, amma ki fitar da numfashi kafin ki yunƙura, ki ɗan janyo cibiya ciki."

Ta sake. Tudun ya kwanta luf. Moeroa ta yi ta maimaitawa, da numfashi da babu, har sai da Teremoana ta ce akwai masu jira a waje.

Daga nan aka shiga hawa mataki mataki, kuma a gaskiya Moeroa ba ta yi ha'inci ba. Ta yi tafiyar ƙafa a bakin hanya har karnukan unguwa suka daina yi mata haushi. Ta shiga ruwan gaɓar Muri mai kwanciya, ta yi tafiya a ciki ruwa iya ƙugu, daga baya ta yi iyo. Ta zauna a bakin gado da tsintsiya mai dogon hannu tana kwaikwayon tuƙi, hannu ɗaya na komawa kan tabo yana sauraro. Watanni suka ja. Aka bar ta ta hau ƙaramin kwalekwale na mutum ɗaya a cikin ruwan da shingen duwatsun murjani ya kare daga igiyar teku, Tutai ne ke ɗaukar mata shi zuwa ruwa yana ƙunƙuni. Tudun bai taso ba. Likitan da ya yi aikin, da aka kira shi ta waya aka tambaye shi ko za ta iya tuƙa kwalekwale, ya ce madalla, wasa ne na zaune, ta dai bi a hankali. Teremoana ma ta amince. Tuaine ta yi girki ranar, ɗanyen kifi cikin madarar kwakwa da ganyen gwaza, ta kira matan ƙungiya duka aka ci aka yi shewa.

To, a nan ne kuskuren yake, kuma ba wanda ya yi shi da gangan. Gasar zagaye tsibiri ba mutum shida ke yin ta ba, tara ne. Uku suna bin vaka a jirgin inji. Idan lokacin canji ya yi, jirgin inji ya sha gaba, su ukun su faɗa teku su jeru suna ɗaga hannu. Vaka ta taho da gudunta ba tsayawa, waɗanda suka gaji su mirgina ta dama su faɗa ruwa, na cikin ruwa su cafki bakin jirgin ta hagu su ɗago kansu su shige. Duk macen da ta girma a wannan wasa ta yi hakan sau ba adadi, har ba ta lissafa shi a cikin aiki. Ba wadda ta ɓoye wa likita, tunaninsa ne bai zo wa kowa ba, kamar yadda mai tambayar ko zai iya cin kifi ba ya tambayar ko zai iya cire ƙaya.

Ranar da aka fara gwajin canji, aka fita ta mashigar Avana da hantsi, Tuaine ta ce Moeroa ta zauna a jirgin inji tare da Tutai ta yi kallo tukuna. Shekarunta duka a wasan nan, ko tana cikin vaka tana haki, ko tana cikin ruwa gishiri na cin idonta. Ba ta taɓa zama a bushe ta kalli canji da idon mai neman sani ba sai ranar. Ta ga Vaine, matar ɗan Tuaine, ta cafki bakin jirgi, jirgin ya fizge ta, ta yunƙuro sama, ta faɗa da dukan nauyinta a kan bakin nan mai tauri, ta yi lilo a kai rabin jiki a ciki rabi a ruwa, sannan ta jawo ƙafafu. Ta biyun ma haka. Ta ukun har sai da ta yi yunƙuri biyu.

"Tutai, da ina suke sauka a kan jirgin nan?"

"Da ina kuwa? Da jikinsu mana."

"Wane wuri a jikin?"

"Ke dai kin fara," in ji Tutai, ya ƙara wa inji mai.

Da aka dawo gaɓa aka ɗora vaka a kan tayoyinta, Moeroa ta tare matan kafin su watse, ta ce kowacce ta ɗaga riga.

"Wai me? Tutai bai ishe ki kallo ba?" in ji wata.

"Ni nawa cikin ya haifi biyar, in kin gani sai kin yi mafarki," in ji wata kuma.

"Ku ɗaga dai. Ni ai duk kun ga nawa har da zare."

Aka yi ta dariya ana ɗagawa. Kowace mace a cikinsu tana da shaida a wuri guda: jan layi a kwance, tsakanin haƙarƙari da cibiya, wasu har jini ya kwanta ya yi baƙi. Sun saba da shi har sun daina ganinsa. Moeroa ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana dubawa, sannan ta ɗaga tata rigar. Layin nasu a kwance yake, nata tabon a tsaye, kuma inda za su haɗu shi ne daidai wurin da ɗinkin ya fi daɗewa bai daina ƙaiƙayi ba. Dariyar ta mutu. Tuaine ta ɗauki filafilinta ta ce rana na yi, kowa ya tafi gida.

Washegari Moeroa ta ɗauko Teremoana a bayan babur ta kawo ta bakin ruwa, ta sa Vaine ta hau vaka daga cikin ruwa a gabanta. Teremoana ta dafe kai.

"Mama Moe! Ni zama na ce ki yi ki yi tuƙi. Wa ya gaya mini ana faɗawa a kan katako da tumbi?"

"Wa zai gaya miki? Mu ma jiya muka sani."

Teremoana ta taɓa bakin jirgin, ta auna tsayinsa daga ruwa da hannu, ta sa Vaine ta sake hawa a hankali, ita ma abin ya fara ba ta sha'awa. Ta ce abu biyu ne a haɗe, kowanne shi kaɗai ya isa: fizgar da jirgi ke yi wa mutum yana riƙe da numfashi, da kuma dukan da ke biyo baya. Ta ce akwai yadda za a koyi hawa da ƙugu, a juya gefe a sauka a kan ƙashi, amma sai an gina ƙarfin hannu da na gefen ciki, a ruwa kwance, jirgi a tsaye, kuma wannan aikin watanni ne. Gasa kuwa saura 'yan makonni.

"Ba bana ba," in ji ta. "Ki yi haƙuri."

Tuaine tana gefe tana ɗaure igiyar ama, dogon katakon da ke tafe a gefen hagu yana hana jirgi kifewa. Yarinyar na tafiya sai ta juyo wurin Moeroa.

"Ita me ta sani? Ko jiƙa ƙafa ba ta taɓa yi ba."

"Yaya, ai ta faɗi dalilinta."

"Dalili! Ni da aka ciro mini Teariki ta ciki, ban koma ruwa ba?"

"Naki a ƙasa yake, a kwance, jirgi ba ya taɓa wurin. Na duba jiya."

"Kin duba! Ke komai sai kin duba. Auta, ni ba likita ba ce, amma na san ki. Wata nawa kina tafiya kamar tsohuwa, kina numfashi kamar mai naƙuda, duk don me? Don ki zauna kusa da Tutai kina kallon bayana?" Ta ja igiyar da ƙarfin da bai kamata mai ciwon kafaɗa ta ja ba. "Sau ɗaya kawai. Ranar da teku ya kwanta, zan rage gudu. In ya yiwu ya yiwu."

Ba mugunta ba ce. Tuaine ce ta fara ɗora mata filafili a hannu tana 'yar ƙarama, ita ce ta kwana a kujerar asibiti a Auckland har aka sallame ta, kuma tsoron ta gama wasan nan babu ƙanwarta a gabanta yake cin ta, ba ta san yadda ake faɗin haka ba sai da faɗa. Moeroa ta san wannan sarai. Ban da haka, a ƙasan ranta akwai wata 'yar murya da ke cewa: to wai ma, in an gwada, me zai faru? Wannan muryar ta sha jefa ta cikin wahala. Duk da haka Moeroa ta ce wa yayarta to.

Asabar da ta biyo baya teku ya wayi gari lumui. Aka fita bayan shingen murjani, duwatsun tsibirin suka koma baya, ruwa ya yi shuɗi mai duhu. Tutai fushi yake yi tun daga gida, fushin nasa kuma na tsoro ne. Da ya sha gaban vaka ya rage inji, sai ya ce ba tare da ya dube ta ba, "In kin fashe, ni ba zan iya ɗinki ba."

Ta sauka ta tsani maimakon ta yi tsalle. Ruwan ya rungume ta da ɗumi, ta ji daɗin da ta manta da shi, ƙafafunta na lilo a kan zurfin da ba ta ganin ƙarshensa. Ita kaɗai za a ɗauka. Ta ɗaga hannun dama tana fantsama ruwa don Tuaine ta saita ta.

Vaka ta taho. Daga cikin ruwa jirgin nan ba ya kama da abin da mutum ya sani a gaɓa, dogo ne, hancinsa a sama, yana zuwa da wani irin shuru. Tuaine ta cika alkawari, ta rage gudu. Moeroa ta ga wadda ke kujera ta uku ta ajiye filafili ta mirgina ruwa ta dama. Kujerar ta zama fanko, tana tahowa wurinta.

Jikinta ya san abin yi ba sai an gaya masa ba. Ƙirji ya cika da iska ya kulle, ƙafafu suka taru, kafaɗu suka ɗaure don yunƙuri. Hannun hagunta kuwa, da ya yi watanni yana zuwa wuri guda duk lokacin da za a yi aiki, ya tafi kan tabon da kansa a ƙarƙashin ruwa. Ko taɓa jirgin ba ta yi ba tukuna, ga tudun nan ya cika mata tafin hannu, dogo, mai tauri, ya fi na ranar farko. Ta fitar da numfashi ta janyo cibiya yadda aka koya mata. Ya ɗan kwanta. Ta sake haɗa ƙarfin da hawa ke bukata, ya sake tasowa. Amsar da take nema ke nan, ta same ta a sarari, kuma ba ta so ta ba ko kaɗan.

Hancin jirgin ya wuce ta. Ta sunkuya, sandar farko da ta haɗa ama da jirgi ta bi ta kanta. Kujera ta uku ta iso daidai fuskarta, har tana ganin kushin ɗin da ita ta liƙa da hannunta bara.

"Hau!" in ji matan. "Moe, hau!"

Ta ɗora tafin hannu a jikin jirgin, ba ta kama ba. Santsinsa ya yi ta zamewa a ƙarƙashin yatsunta. Kujera ta huɗu ta wuce, ta sunkuya wa sanda ta biyu, ta biyar ta wuce. Sai Tuaine, filafili a maƙale a gefen jirgi, tana kallon ta daga sama. Moeroa ta girgiza mata kai. Ta ga bakin yayarta ya buɗe da shirin zagi, ta ga idonta ya sauka kan hannun da ke dafe da ciki a cikin ruwa, ta ga bakin ya rufe. Jirgin ya wuce da su.

Mai riƙe da akala ba ta waiwaye, Tuaine ma ba ta waiwaya ba. Moeroa ta tsaya a ruwa tana kallon farin gashin da ke ƙeyarta da kafaɗar da ta karkace, da gurbin nan a tsakiyar jirgi inda filafili biyar ke aikin shida. Sai a lokacin baƙin cikin ya zo mata gaba ɗaya, ta yi kuka sosai, tana ji cikin nan nata yana taya ta, lafiyarsa lau.

Tutai ya matso da jirgi ya sauke tsani, ya miƙo mata hannu. Ta hau a hankali, tana fitar da numfashi a kowane mataki. Vaine na zaune a gefe da rigar ruwa a cinya, ta rasa inda za ta sa idonta.

Daga can nesa muryar Tuaine ta taso a kan ruwa, muryar da ake ji daga wannan ƙauye zuwa wancan, amma yau ta tsage a tsakiya.

"Vaine! Kujera ta uku! Shirya!"

Vaine ta dubi Moeroa kamar mai neman gafara. Moeroa ta share fuska da bayan hannu, ta ɗauko filafilinta daga ƙarƙashin benci, wanda ta shafa wa mai jiya da yamma, ta ɗora mata a cinya.

"Tashi mana, 'yar nan, surukarki na kira," in ji ta. "In kin zauna, kada ki ja da ƙarfi a bugun farko, kafaɗarta ba ta son fizga. Ba za ta gaya miki ba."